Sikelin Kyaftin

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Ya Auta da jaririnta? Ina fatan yana barinku ku runtsa. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah.

Za ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Kin san bangon gidan nan, ko tari na yi a ɗakina Kyaftin yana ji daga nasa, kuma maganar a kansa ce. Direban da ke kai kaya garin su Auta, inda kike zaman jego, zai miƙo miki. Ki sa tabaranki ki karanta da kanki, kada ki ba Auta, cikinta ba ya ajiye magana.

Jikan naki Kyaftin ya dawo gida. An yi masa tiyatar rage ciki lafiya, yanzu cikin nasa bai fi ƙaramin kofi ba. Yaron da ke share tukunya shi kaɗai, yau da cokali nake bin sa, romo tatacce da ruwa kurɓi-kurɓi. Ya ce in gaya miki ki shirya, wai angonki zai dawo saurayi siriri, tsohonki Baba ya fara neman wata tun da wuri.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne sikeli. Likitarsa ta ce sau ɗaya a mako ya auna nauyinsa, da safe kafin ya sa komai a baki, a kan sikeli ɗaya ba a canjawa, ya tura mata ta waya. In nauyin yana zubewa da sauri fiye da kima, jiki ne ke neman taimako. In ya tsaya cak tun yanzu, shi ma akwai magana. Asibitin da nisa, ɗinkin bai gama kamawa ba balle ya sha jijjigar hanya, kuma masu mota in sun hango shi sai su kau da kai su wuce. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe ban san komai ba.

Namu na gida, wanda marigayi babansa ya saya, a kilo ɗari da hamsin ya tsaya. Kyaftin yana hawa allurar ta zagaya ta daki ƙarshe ta tsaya tana rawa. Na rufe keken ɗinkina, na bar kayan mutane a yanke, na shiga gari. Kemis uku na shiga. Na je babban kantin nan mai hawa biyu, inda suka jera sikeli kusa da tawul da sabulu, duk na gilashi, duk ƙanana kamar farantin shayi. Na gaya wa yarinyar da ke wurin abin da nake nema, sai ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni wai na mutum ne ko na saniya. Abokiyar aikinta ta rufe baki da hannu. Inna, ba a banza kika sa mini Barkono ba. Na gaya mata na mutum ne, mutumin da tarbiyyarsa ta fi tata nauyi, kuma in an ɗora kunyarta a kan ƙaramin cikinsu allurar ba za ta motsa ba. Na fito ina huci, amma ban fito da sikeli ba.

'Yar maƙwabciyata ta sayo mini wani ta intanet, wai yana kai ɗari da tamanin. Da ya iso, faɗinsa bai fi littafin makaranta ba. Masu yin abin nan ba su taɓa ganin mai jiki ba. Ta yaya mutumin da cinyoyinsa ba sa barin ƙafafunsa su haɗu zai tsaya a kan wannan? In ma ya tsaya, ta ina zai hango lambar da ke tsakanin yatsunsa? Ƙafa ɗaya ya ɗora na ji gilashin ya yi ƙara, na janye shi.

Sai ga gwaggonsa, yayar marigayi, da tata dabarar. Wai a jera sikeli biyu, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, a haɗa lissafi. Muka gwada. Ya ɗan karkata dama wannan ya hau, ya karkata hagu wancan ya hau, ni ina durƙushe ina karanta ɗaya, gwaggo tana karanta ɗaya, muna ta musu. Da farko dariya yake yi, wai an mai da shi gada. Can na ɗaga kai na ga ya daina dariya.

Inna, ba don kwalliya nake wannan wahalar ba. Jikin nan shi ya kwantar da babansa, na kuma ga yadda ya tafi. Har yanzu rigunansa suna rataye, ni na ɗinka su, na san yadi nawa kowace ta ci. Ba zan sake ɗinka wa wani nawa irinsu ina kallo ba.

Baba ya leƙo jiya. Da ya ji labari ya yi dariya har da buga ƙafa, wai ana zaune da mai awo a gida ana yawon kanti. Ya ce in kai masa Kyaftin can siton da yake aikin awon buhuna, sikelinsa na ɗaukar tan guda bai ce uffan ba. Raina bai kwanta ba, amma ba ni da wata hanya. Na roƙe shi ya zama lokacin hutun rana, sa'ad da leburori suka watse. Ya ce an gama.

Ki gaishe da Auta da mijinta. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Barkono

*

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya ke da mai jego da jariri.

Inna, mijinki ya kashe ni da raina.

Mun je sito kamar yadda aka shirya. Kyaftin ya sa farar rigarsa, har turare ya fesa, wai zai je gaban Baba, abokin takararsa a kanki, dole ya fito tsaf. Da muka isa, ashe wata babbar mota ta makara, ana tsakiyar sauke kaya. Leburori cike da wurin, kowa da buhu a ka. Na ce mu koma. Baba ya ɗaga hannu daga nesa, wai mu ƙaraso, minti ɗaya ne.

Ke ba ki taɓa shiga wurin ba, bari in gaya miki yadda suke aiki. Sikelin faffaɗan ƙarfe ne a ƙasa, daidai da daɓe. Akawu yana can sama a wani ɗan ɗaki mai taga. Saboda ƙarar motoci, in an ɗora kaya Baba yakan duba ya ƙwala nauyin da ƙarfi, akawu ya maimaita daga sama don a tabbatar ya ji daidai, sannan ya rubuta. Haka suke yi tun ina goye.

Aka janye buhuna. Kyaftin ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ya hau a hankali, ya sunkuyar da kai. Baba ya duba. Na ga ya ja numfashi, na ga ƙirjinsa ya cika, na san abin da zai faru, amma kafin in buɗe baki ya riga ya ƙwala. Da muryar nan tasa da ake ji daga bakin titi. Akawu ko ɗaga kai bai yi ba, ya maimaita lambar daga sama, ya ƙara da tambayar wai kayan waye.

Ba zan rubuta miki lambar ba. An faɗe ta sau biyu a gaban duniya, ya isa.

Sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Wani har buhunsa ya sauke don ya yi dariyar da kyau. Baba ya gane ya yi ɓarna, maimakon ya yi shiru sai ya ce zai gyara da wasan jika. Wai wannan kaya ba mai shi, a kai shi lungu a caje shi kuɗin ajiya. Wai da wannan jikin ne zai ƙwace masa mata. Ya ɗauka tsakar gidanki yake, inda yaron zai rama a yi dariya a tashi. Bai ga fuskarsa ba. Ni na gani. Irin fuskar da babansa ke yi in kujera ta yi ƙara a gidan mutane.

Kyaftin ya sauko, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita ba takalmi a kan tsakuwa. Muna isa gida ya shiga ɗaki ya murza makulli.

Tun ranar ina ajiye kofi a bakin ƙofa, ina dawowa in tarar da shi yadda na bar shi. Kin san wanda aka yi wa wannan aikin ba ya iya shan ruwa da yawa lokaci guda, sai kaɗan-kaɗan yini guda. In ya daina, ba ramawa. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka a jikin ƙofar. Abin da ya ce kawai wai in bar shi, kaya ba sa jin ƙishirwa.

Baba ya kira ni da yamma. Kin san me ya ce? Wai me ya yi? Wai lamba ce kawai, kuma bakinsa ne ya riga shi, ya saba. Wai namiji ba ya fushi da wasan kakansa. Ban taɓa kashe wa Baba waya ba tunda nake, ranar na kashe. Ya saba! Mutum ya yi shekaru yana auna buhu har ya kasa bambanta buhu da jikansa? Ni da na durƙusa na roƙe shi a yi abin nan a ɓoye?

Yaron nan bai fita gida ba kusan tun rasuwar babansa, aikin zanensa ma a kwamfuta yake yi daga ɗaki. Da ƙyar ya yarda aka yi tiyatar. Ranar ce fitarsa ta farko da fara'a, har da turare.

Ki yi wa mijinki magana, ni in na yi zan yi saɓo.

'Yarki,
Barkono

*

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na gode da addu'a. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata.

Kada hankalinki ya tashi, ya farfaɗo. Faɗuwa ya yi a banɗaki, jiri ya ɗebe shi. Sai da aka ɓalle ƙofa, maƙwabta suka taru kafin aka iya ɗaga shi, wata kunyar a kan wata. Likita ta ce ruwan jikinsa ne ya ƙare, saura kaɗan ƙoda ta taɓu. Ana ta yi masa ƙarin ruwa. Allah ya sa ɗinkin bai buɗe ba.

Kin ce in yi haƙuri, uba uba ne, ba da gangan ya yi ba. Inna, na sani. Da da gangan ne ai da sauƙi, sai in san da wa nake faɗa. Haƙuri kuwa na ci shi har ya ginshe ni. Da aka binne mijina haƙuri aka ce. Da dangi ke cewa ni na lalata shi da ɗansa da girki haƙuri aka ce. Yanzu ɗana yana kwance da allura a hannu, ni ce kuma zan yi haƙuri. Shi Baban, wa ya ce masa ya ba da haƙurin?

Likitar ta zauna a bakin gadonsa ta yi masa magana ba ɓoye-ɓoye. Ya yarda zai sha ruwa, zai ci abin da aka tsara. Amma awo, ya ce ya hau sikeli na ƙarshe a gaban ɗan Adam, ko da uwarsa ce. Ta ce masa in ba awo, ita makauniya ce a kansa, sai ya sake faɗuwa za ta san akwai matsala. Ya juya wa bango fuska.

Baba ya zo. Na tarar da shi a kan benci a baranda, hularsa a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, don ke kika raine ni, amma ban bar shi ya shiga ba. Bai ce a yafe masa ba, kin san shi. Sai dai ya zo da wani mutum, mai gyaran sikelin sito, ya tura shi gabana kamar mai kawo shaida.

Mutumin ya ce akwai irin wanda nake nema. Faffaɗan ƙarfe ne mara tsayi, yana ɗaukar har kilo ɗari uku, fuskar da ke nuna lamba kuma daban take, da igiyarta, a rataye a bango ko a riƙe a hannu. Wai ba a kantin sabulu ake samunsa ba, wurin masu sayar da kayan asibiti ne, in babu su aiko da shi. Ya ce zai nemo.

Maimakon in ji daɗi, wani sabon baƙin ciki ne ya taso mini. Duk yawon da na sha, duk rainin da na haɗiya, ashe Baba yana shan shayi da mutumin nan kowane wata. Bai taɓa tunanin tambayarsa ba, don a wurinsa duk duniya ba sikeli sai nasa.

Na ce wa mai gyaran ya kawo. Ko yaron zai hau, wannan ban sani ba.

Ki gaishe da su Auta. Ki ce mata kada ta kira shi da surutu.

'Yarki,
Barkono

*

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Na ji jariri ya fara murmushi, Allah ya raya. An sallame mu, muna gida.

Sikeli ya iso. Mai gyaran ya kawo shi da kansa, ya sa na naɗe kafet ɗin ɗakin Kyaftin, wai a kan laushi ƙarya yake yi, sai daɓe mai tauri. Faɗinsa ya kai murfin akwati, mutum ya tsaya yadda Allah ya yi shi ba tare da ya matse ƙafa ba. Ya kafa fuskar a bango daidai ido. Kyaftin yana kwance ya ba mu baya, kamar ba ɗakinsa ake aiki ba.

Sai mutumin ya ɗora wani dutsen ƙarfe na gwaji. Inna, sikelin ya yi magana! Muryar mace, da ƙarfi, ta faɗi nauyin dutsen har sau biyu. Wai an yi shi haka ne saboda waɗanda ba sa iya sunkuyawa. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce ya kwashe tsiyarsa ya fita, ban rabu da mai shela a sito ba don in sayo wata in ajiye a ɗaka. Bawan Allah ya rikice yana ta latse-latse yana cewa Hajiya a tsaya, ana kashewa. Can na ji gado yana girgiza. Na juya a tsorace, ashe dariya Kyaftin yake yi, ya riƙe ɗinkinsa da hannu biyu, hawaye na zuba. Wai an ɗauro masa Baba a kwali, har da batir. Ban yarda da kashewa ba, sai da na sa aka buɗe bayan aka cire wayar muryar gaba ɗaya.

Duk da haka kwanaki sikelin yana nan ba wanda ya taɓa shi. Na kama bakina, abin da kin san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Shekaranjiya da safe ina kan keke na ji ya rufe ƙofa. Na tsayar da ƙafata. Na ji takunsa, na ji ƙarfen ya amsa, sai shiru. Da ya fito ya ce ya tura wa likita.

Na tambaye shi nawa. Ya ce tsakaninsa da likitarsa ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na ɗauki cikinsa, ni da na zagaye gari aka kira ɗana saniya, ni za a rufe wa ƙofa? Sai na gaya masa abin da ya sa nake son sani. Ranar da aka kai babansa asibiti ba ya cikin hayyacinsa, wata nas ta tare ni da takarda ta tambaye ni nauyinsa don a auna magani. Ban sani ba. Na san wuyansa, na san ƙugunsa, na san tsawon hannunsa, amma wannan ban sani ba, nasu sikelin kuma bai kai ba. Sai kintata suka yi. Ban ce shi ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na tsaya a gaban yarinyar nan kamar baƙuwa a rayuwar mijina, kuma na rantse ba za a sake yi mini tambayar nan in yi shiru ba.

Sannan ya ce Mama, in nas ta tambaya shi zai amsa da bakinsa, don da ƙafarsa zai shiga. Ya ɗauki kofinsa ya koma ɗaki.

Likitar ta kira ni da rana. Ita ma ba ta faɗa mini ba, ta ce dai abin yana tafiya yadda ake so, ya ci gaba duk mako.

Game da Baba, ban huce ba, kada ki ce na huce. Kyaftin ne ya ce a bar shi ya zo, wai yana da bashin zagi da zai rama. Ki gaya masa sharaɗina: in ya shigo gidan nan ya gaisa, ya zauna, ya sha ruwa. Kada ya tambaya, kada ya kintata da ido, kada ya leƙa ɗakin. In ya ga abin ya yi masa tsauri, ki ce masa ni da na haife shi ma a bakin ƙofa nake tsayawa.

Ki gaishe da Auta da mijinta, ki shafa mini kan jariri. Angonki yana gaishe ki, ya ce ki fara tanadin kwalliya. Yanzu haka ina jin sa yana kurɓar ruwa.

'Yarki mai ƙaunarki,
Barkono